Kayan ɗan sanda mai maɓallin tagulla

A shekarar da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa, ina ɗinki a zauren wani gidan haya a Zongon Kumasi. Rabin masu kawo mini yadi sun ɗaure kaya sun tafi. Abin da ya riƙe ni shi ne aikin 'yan kwansat, masu yawo gari-gari da kiɗa da wasan ban dariya.

Ban taɓa son aikinsu ba. Rigar mata ce namiji zai sa, a bar bayanta buɗe da igiya don ya tuɓe da sauri. Kwat ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo da gangan. Ni kuwa wanda ya koya mini ɗinki farke aiki yake in layi ya ɗan karkace, kuma na gaji girman kansa fiye da haƙurinsa.

Shugabansu mutumin Asante ne, yana jin Hausar kasuwa. Wata rana ya ce in yi wa mai ba su dariya kayan ɗan sanda.

"Wando ya tsaya nan," in ji shi, ya dafa ƙwaurinsa. "Hula ya rufe kunne. Maɓalli, ka sa murfin kwalba."

"Murfin kwalba a rigar da ta fito daga kekena?"

"Tela, mutum na baya can bai ganin ɗinkinka. Ciki yake gani, da hula."

Na ce to, amma ban yi niyyar bin maganarsa ba. So nake sau ɗaya su ga abin da hannuna ya iya. Na sayo baƙin yadi mai kauri. Na je Suame Magazine, unguwar maƙera, wani abokina maƙeri ya yanko mini maɓallai na tagulla ya goge su. Na tsaya bakin titin Manhyia ina kallon ɗan sanda mai ba da hannu, har na haddace inda aljihu yake da yadda kafaɗa ta zauna.

A tsakar gidanmu akwai tsohuwa mai koko da ƙosai, kowa Mma yake ce mata. Daga Nijar aka kawo ta tun tana amarya, mijinta yana kwance a maƙabartar Kumasi, takarda kuwa ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ƙanenta ya yi ta zuwa yana roƙonta ta bi su mota su koma Nijar, tana cewa ba inda za ta. Mu 'yan gidan mun yi mata alkawari, in an zo bincike za mu ce uwarmu ce. Ni na fi kowa ɗaga murya wajen wannan alkawari, don kokonta nake sha tun ina koyon sa zare a allura.

Da hantsi mai ba da dariyar ya zo gwaji. Ya sa riga, ya ɗaura bel, ya kafa hula. Mutumin da ko tafiyarsa dariya take ba mutane, sai ga shi ya miƙe ya zama wani. Raina ya yi fari. Madubina ƙarami ne, zauren kuma da duhu, sai na ce masa ya shiga tsakar gida in ga yadda maɓallan za su yi a rana. Ni na tura shi. Ban tuna da kowa ba.

Sai na ji ƙarar ludayi a ƙasa. Ko da na leƙa, ƙosai na ƙonewa a mai, kujerar Mma babu kowa. A bayan randunan maƙwabciya muka same ta, ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe kai.

Mutumin ya cire hula. "Mma, ni ne fa. Ni da nake cin ƙosanki ina tsere miki. Wasa ne."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni.

"Kai ka ɗinka?"

"Ni ne, Mma. Ki yafe mini."

"Ya yi kyau," ta ce. Ta kama hannuna ta tashi. "Ɗana, da furfurata na ɓuya a bayan randa saboda riga. Ran da na gaskiyar ya zo, ina zan shiga?"

Na yi ta magana. Na tuna mata alkawarinmu, na rantse, har na yi mata faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Ta sauke kaskon kawai ta zubar da ƙonannen ƙosan. Da la'asar ta aika a kira ƙanenta.

Washegari shugaban ya zo karɓar kaya. Ya ɗaga rigar, ya juya ta, ya mayar mini a kan keke.

"Wannan riga ya yi kyau da yawa. In ya fito da shi, mutanen Zongo za su gudu ta taga. Wa zai yi dariya?"

Da a ce jiya ne, da mun yi cacar baki. Na ɗauki reza na ciccire maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Na datse wandon a ƙwauri, na cusa tsumma a cikin rigar, na huda murafun kwalba da ƙusa. An ce da suka yi wasan a Dichemso mutane har faɗuwa suke don dariya. Ban je ba.

Ranar da motar su Mma za ta tashi, na ɗauko mata ƙullin kayanta har tasha. Na sake cewa ta sauko, ba wanda zai taɓa ta. Ta ce in kai wa maƙwabciya tukunyar kokon, kuma in daina barin almakashi a bakin ƙofa. Motar ta ja, na koma zaure na tarar da rigar mata mai buɗaɗɗen baya tana jirana.