Bishiya ta Ashirin da Uku

Shekarun baya, lokacin da muke zaune a Dala, ina da wata al'ada. Duk farkon shekara sai in sayi sabon littafin rubutu, in jera burina a shafin farko: in ƙara izu biyu a hadda, in karanta littattafai goma, in daina cin farce. Na ƙarshen nan ya shekara huɗu yana bin shafin farko.

Sai ga shekarar da bam ya tashi a kasuwa ina ciki. Ko ƙwarzane ban yi ba, amma daga ranar ƙafata ta ƙi tsallake ƙofar gida. Na jingine karatuna na shekara guda, aka kuma gaya mini idan ban je na yi rajista da kaina a wata na huɗu ba, gurbina ya tafi.

Da sabuwar shekara ta kama, buri ɗaya na rubuta: in kai bakin titi, inda ake hawa keke napep. Ta saman katanga na san layinmu bishiyoyin dogon yaro ne a jere, mahaifiyata ta ƙirga mini su, arba'in. Na ja gida arba'in a littafin. Kullum da hantsi in zura dogon hijabina, in tafi a hankali, in taɓa bishiyar ranar, in rubuta yadda zuciyata ta yi, in juyo.

"Ke komai sai kin mai da shi waƙa," in ji mahaifiyata. "Allah Ya sa bishiyoyin su ba ki takardar shaida."

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda nake a idon mutane. Lokacin ne ake ɗaura wa 'yan mata bam a ƙarƙashin hijabi. Ga kuma wata tana zuwa kullum, ba ta gai da kowa, hannayenta a ɓoye, tana matsowa kusa da taro kaɗan-kaɗan.

Ranar bishiya ta ashirin da uku, kusa da masu kayan miya, na ji an ce, "Ke, tsaya nan! Kar ki motsa!"

Samarin unguwa ne 'yan sintiri masu gora, su uku, daga nesa. Kafin in juyo wurin ya watse. Na ga wata mata ta fizgi ɗanta da hannu ɗaya tana gudu, tumatir na gangarawa a ƙasa. Na waiga ina neman abin da suke gudu, don ni ma in gudu. Babu kowa a wurin sai ni.

"Ɗaga hijabinki! Mene ne a hannunki?"

Ina jin su, amma hannayena sun ƙi. Littafin na manne a ƙirjina ta ciki, na kuma san yadda tudunsa yake daga waje. Ɗayansu ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Wata tsohuwa mai ƙosai ce ta taso. Ta faɗa musu wata magana da Kanuri, ta ratso filin nan da kowa ya bari, tana jan silifas. Ban taɓa ganin tafiya mai tsawo irin wannan ba. Ta tsaya a gabana, tana ƙanshin mai da hayaƙi.

"'Yata, zan ɗaga. In akwai abu, mu tafi tare."

Ta ɗaga. Littafin ya faɗi.

Babbansu ya matso ya buɗe, ya karanta da ƙarfi: "Bishiya ta ashirin da biyu. Zuciyata tsuntsuwa ce a cikin kwando." Ya dube ni. "Malama, mene ne wannan?"

Cikin kuka na yi bayani. Babu wanda ya yi dariya, ko da yake tsuntsuwar ta cancanta. Ya miƙo mini littafin.

"Saura nawa?"

"Sha bakwai."

"To don Allah gobe ki yi wa mutane sallama kafin ki gai da bishiya."

Kwana tara ban fita ba. A na goma na fita, na fara daga ta ɗaya. Na yi rajista ana saura kwana biyu a rufe.

Har yanzu ina rubuta burin shekara, wani in cika, wani in bari. Amma a wancan littafin na auna tsorona kullum, gida-gida, ban ware ko layi ɗaya ga tsoron maƙwabtana ba. Matar nan da ta fizgi ɗanta ban san ta ba, ban kuma taɓa samun damar ba ta haƙuri ba. Shi ya sa har yau, in zan shiga taro, sallamata take riga ni isa, hannayena kuma a waje suke, inda kowa zai gan su.