Ungozomar da Aka Cire wa Cibiya

Haihuwa

An haifi marigayiyar a shekarar 1952, a wani gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa wajen haihuwarta ta rasu, ko hotonta babu. Tun tana yarinya take cewa cibiyarta ce kaɗai gadonta na uwa. Tambaya kuwa, kai! Ta ishi kowa, har baban ya laƙaba mata 'Yar Tambaya.

Karatu, Aiki da Aure

Ta kammala makarantar ungozoma a 1973, ta auri wani direban jirgin ƙasa a 1975, ta kuma shafe fiye da shekara talatin a ɗakin haihuwa, inda abokan aikinta suka shaida cewa ba ta yanke cibiyar jariri sai ta ƙare mata kallo.

Rashin Lafiya

A 2014 ta fara ganin jini da majina a fitsarinta. Aka yi ta maganin ciwon sanyi, shiru. Da aka leƙa mafitsarar da na'ura, aka ɗauki hoto, likita ya tabbatar da cewa ciwon daji ne irin wanda ba kasafai ake gani ba, wanda ya tsiro a ragowar wata siririyar hanya da ke haɗa mafitsarar ɗan tayi da cibiyarsa. 'Ya'ya na kuka, ita kuwa baiwar Allah takarda ta miƙa wa likita ya zana mata hanyar. Sai da ya ce wajibi ne a cire saman mafitsarar haɗe da cibiyar, sannan tambaya ta ƙare. Ta ƙi, ƙememe.

Babbar 'yarta, mai tsohon ciki, ta durƙusa gabanta da ƙyar, ta ce, "Inna, ni ma cibiya kaɗai za ki bar mini?"

Washegari ta amince.

Tiyata

Aikin ya yi nasara. Tana farfaɗowa ta nemi a nuna mata abin da aka cire, ta daɗe tana dubansa, ta yi hawaye, sannan ta tambayi likita da wane zare ya ɗinke ta.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta kusa da kabarin mahaifinta. Ta bar 'ya'ya uku, malamar makaranta, makaniki da autanta ɗalibi, da jikoki bakwai, cikinsu har da wadda aka haifa jim kaɗan bayan tiyatar, wadda kakar ta yanke wa cibiya da hannunta.