Ina Kwance a Ƙasa, Ina Jin Komai

Ƙamshin daddawa ne ya cika tsakar gidanmu a Dutse ranar, Umma tana kaɗa miya. Lokacin ina gab da gama karatun koyarwa, yarinya mai shiru-shiru, ba ni da buri sai in tsaya gaban aji in karanta wa yara waƙa. Yayata tana kwaikwayon yadda surukarta take ciniki, na fashe da dariya, sai gwiwoyina suka saki kamar zanin da ɗaurinsa ya kwance. Na zube. Bakina ya ƙi motsi, amma na ji faɗuwar ludayi, na ji salatin Umma, na ji Gwaggo tana cewa a janye yara kada yawuna ya taɓa su, farfaɗiya ce. Can na miƙe garau.

Da abin ya yawaita aka kai ni asibiti. Likita ya tambaya ko ina suma, Umma ta riga ni cewa ƙwarai kuwa. Na sunkuyar da kai. Ban iya ƙaryata mahaifiyata gaban baƙo ba, kuma idan na ce ina ji, Gwaggo za ta san na ji maganarta. Aka ɗora ni a kan maganin farfaɗiya. Shekaru ina sha, jiki a mace, faɗuwa ba ta fasa ba. Na samu aji a wata makaranta a Kiyawa. Wata ɗaliba ta ba da amsa mai ban dariya, na zube gaban allo. Shugabar makarantar ta ce in je gida in huta, iyaye suna ƙorafi. Ba a sake kirana ba.

Daga baya aka tura mu Kano wurin likitar ƙwaƙwalwa. Cikin ladabi ta roƙi Umma ta jira a waje, sannan ta tambaye ni me nake yi kafin kowace faɗuwa, me kuma nake tunawa. Na faɗi komai. Aka manna min wayoyi a ka, aka auna barcina. Ta ce ba farfaɗiya ba ce, wata lalurar barci ce da dariya ke sa jiki ya saki alhali mutum idonsa biyu. Ta ce faɗuwa ba tare da suma ba tana da dalilai da yawa, kunne, lakar baya ko ƙwaƙwalwa, kuma abin da mai faɗuwar ya tuna shi ke nuna wa likita hanya. Ta canza magani, na samu sauƙi, amma ajina ya riga ya tafi, ni ma na gaji.

'Yan uwa, idan kun raka mara lafiya asibiti, ku bar shi ya amsa da bakinsa. Ke kuma da ake tambaya, kunya ba ta shiga ɗakin likita.

Sai bara Yayata ta gaya min cewa tun a farkon ciwon Umma ta lura dariya ce ke kayar da ni. Ba ta ɗauka zancen asibiti ne ba. Hana kowa raha ta yi idan ina gida, ni kuwa duk shekarun nan na zata guduna suke yi.