Kibiyar Barmo a Cikin Karangiya

Ku ja da baya, ku kama yaranku, ku ɗaure awakinku. Ga Barmo na Kellu, maharbin unguwarmu a Gure, dodon barewa daga nan har Kelle, wanda namun dawa ke jin sunansa su ci gaba da kiwonsu. A ɗan zaman da na yi a lakwal, makarantar boko, kafin in gudo, na ga ana rubuta labarin manyan mazan wata ƙasa. Na ce to, namu ma ba zai tafi haka nan ba.

Barmo ba jinin maharba ba ne. Manomi ne ɗan manomi, mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana, kuma da gemunsa ya fara riƙe baka. Shekarar da fara ta sauka ta cinye gero yana tsaye, ya leƙa rumbu ya ga ƙasansa, ya juya ya ga matarsa Kellu da goyo a baya. Bindiga kuwa sai mai takardar izini daga kumandan. Sai ya nufi gidan kawunsa Abatcha, tsohon maharbi da ya daɗe da daina dariya.

Abatcha ya dube shi sama da ƙasa. "Hannun garma ne wannan," ya ce. "Amma yunwa ba ta tambaya. Zauna."

Ya koya masa ɗaura burtu, kan tsuntsun nan na itace da maharbi ke sawa a goshi, ya sunkuya yana kaɗa shi har barewa ta ɗauka tsuntsu ne ke neman fara. Ya koya masa zuba ƙasa daga tafin hannu don ya san inda iska ta nufa. Ranar da ya dafa dafin kwankwani, ya kira shi bayan gari. Ya tsaga nasa damtsen da aska, jini ya gangaro har gwiwar hannu, sannan ya taɓa ƙarshen jinin da bakin kibiya. Barmo yana kallo jinin ya yi baƙi, baƙin yana hawa sama, yana neman tsagar. Sai da ya kusa kai Abatcha ya share shi da yatsa.

"Ka gani?"

"Na gani, Kawu."

"Ba ruwansa da ko barewa ce ko uwarka. Idan ka saki, idonka na kan kibiya har ta tsaya. Naman in ya tafi ya tafi. Amma kibiya mai dafi ba ta kwana a daji. Da ita za ka dawo."

Barmo ya ce to, irin to ɗin mutumin da hankalinsa ke cikin tukunya.

Arewa da gari, tsakanin tuddan rairayi, akwai wani gangare da karangiya ta cika shi a shekarar, da tsohuwar aduwa tsaye a can ƙarshensa. Fara ta wuce ta bar shi. A shekarar ƙoshi karangiya abin tsinuwa ce, ta kama zane, ta kama ƙafa. A shekarar nan kuwa matan unguwa lallaɓa ta suke yi kamar gona, suna jira ta gama bushewa su share, su sussuka, su daka ƙwayar a yi tuwo. Biba, tsohuwar da ke gaban mata a irin wannan aiki, ta hana kowa taɓa ta kafin lokaci.

Nan Barmo ya tarar da barewarsa. Shi kaɗai ya fita, don kurkunu ya kwantar da Abatcha. Ya manta bai zuba ƙasa ba, ya shigo iska na bayansa. Ya sunkuya yana kaɗa burtu da sauri kamar kaza ta ga tsaba, karangiya na cin gwiwoyinsa. Barewa ta ɗaga kai, ta buɗe hanci. Maimakon ya daskare ya jira, sai ya miƙe tsaye, burtu ya zamo masa kan gira, ya ja tsirkiya ya saki a daidai lokacin da ta yi tsalle. Ya tsaya baki buɗe yana kallon farin gindinta yana hawa tudu, yana ƙanƙancewa, har ya ɓace.

Sai da wurin ya yi tsit ya tuna. Bai ga inda kibiya ta bi ba. Ko ƙarar faɗuwarta bai ji ba.

Ya nema. Ya bi gaba, ya dawo, ya zaga, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tafiya kan garwashi. Ciyawa har gwiwa, launinta ɗaya da na kyauron kibiyar. Da rana ta karkata ya ce a ransa ai dajin Allah da faɗi yake, wa zai taka daidai wurin nan? Ya dawo gida ya rataye baka, bai gaya wa kowa zancen kibiyar ba.

Ya tarar da Kellu a tsakar gida tana ɗaure tsintsiya. Ta dubi hannunsa, ta ga ba nama.

"Maigida, kada ka damu," ta ce. "Iya Biba ta ce gobe za mu shiga gangare. Jibi warhaka kana cin tuwo."

Ya dubi ƙafafunta. Ba takalmi, diddige duk faso. Ya dubi hannayenta da ƙaya ta gama zanawa, da goyon da za ta sauke ta zaunar a cikin ciyawa yayin da take shara. Ya fita ko ruwa bai sha ba.

Ya je ya faɗa wa Abatcha, tsohon bai zage shi ba. Da ya zage shi da ya fi sauƙi.

"Ina ka ga ta faɗi?"

"Ban gani ba, Kawu."

"Me kake kallo?"

Barmo ya sunkuyar da kai.

Da safe aka ɗora tsoho kan jaki, ƙafarsa a kumbure, ya tare matan unguwa a bakin gari da ƙwaryoyinsu a ka. Biba ta saurare shi har ya gama, sannan ta sauke ƙwarya.

"Abatcha, kai da wannan ƙaton ɗan naka kun rasa wurin wasa sai cikin akushinmu?"

"Ba mai shiga sai an same ta."

"In ba a same ta ba fa?"

"Kin san abin da ake yi."

Ta sani. Kowa ya sani. Inda kibiya mai dafi ta ɓata, wuta ake sawa, ta cinye dafin, a tsinci ƙarfen cikin toka.

Maza suka jeru da sanduna, wanda ke da takalmi a gaba, suna buɗa ciyawa. Mata suna zaune a kan tudu. Barmo ya fi kowa sunkuyawa, gumi na ɗiga daga gemunsa, duk karan da ya hango sai ya tsaya ya duba. Suka kai gindin aduwa suka juyo, suka sake komawa. Ba wanda ya ɗaga kai, don a ƙasa ake neman kibiya. Wani ya ce a ƙyale, Allah ne mai tsarewa. Abatcha ya tambaye shi ko zai fara tura matarsa. Mutumin ya koma buɗa ciyawa.

Da azahar ta gota, aka share gefe don kada wuta ta ƙetare. Abatcha ya miƙa wa Barmo bakin wuta.

"Kai ka saki. Kai za ka kunna."

Karangiya busasshiya ba ta gardama. Ta kama da ƙara kamar ana tuya, kuma abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne ƙanshin, ƙanshin hatsi yana gasuwa. Goyon Kellu ya fara kuka. Shirwa suka taru a sama suna shawagi cikin hayaƙi. Kafin la'asar gangaren ya zama baƙi ƙirin.

Aka shiga toka ana tonawa da sanduna. Babu ƙarfe.

Kellu ce ta gan ta. Harshen wuta ya lashi aduwa, ganyenta ya babbake ya zube, sai ga kibiya a can sama cikin ƙaya, inda ko mai raƙumi sai ya miƙa hannu. Tana nan tun jiya, ba ta taɓa ƙasa ba. Kellu ta nuna ta da tsintsiyar da ke hannunta, ta juya ta kama hanyar gida.

Ba wanda ya mari Barmo. An dai daina zama inda ya zauna. Ranin nan an ci ganye, an ci ƙwallon goruba. Gidan Biba suka ɗaure kaya suka yi kudu, har yau bakin ƙofarsu ciyawa ce ke fitowa. Goyon ya rayu, ga shi nan yana bin awaki da ƙafafu kamar sillen kara.

Barmo bai ajiye baka ba, abin da ya ba kowa mamaki ke nan. Yanzu yakan kawo nama jefi-jefi. Waɗanda suka bi shi daji sun ce yakan kai har kusa da barewa, ya duba abin da ke bayanta, in ciyawa ce mai tsawo ya sassauta tsirkiya ya bar ta ta tafi. In kuwa ya saki, ko zaki ne ya taso ba ya ɗauke ido daga kibiyar.

Kwanan baya na same shi a inuwar zana yana wasa bakin kibiya a kan dutse. Na durƙusa, na jinjina masa, na ce, "Baba Barmo, gagarabadan tuddan Gure, ga ni na rubuta labarinka don jikokin jikoki. Wace kalma ta hikima za ka bar wa duniya?"

Bai ɗago ba.

"Matsa," ya ce. "Kan kwarina ka durƙusa."