Koubra da Madarar Gwangwani

Koubra ta zo Sabha ne, wani birni na ƙasar Larabawa can arewa cikin hamada, daga wani ƙauye kusa da Tanout, bayan farin da ya cinye dabbobinsu a farkon shekarun 1970. Mijinta Inoussa ya riga ta zuwa. Lokacin kuɗin man fetur sun shigo ƙasar, ko'ina ka juya gini ake yi, shi kuma magini ne, bai rasa aiki ba. Ya kafa musu ɗaki biyu a unguwar Tayuri da ragowar bulo da kwano. Ita kuma ta shiga dafa wa leburori abinci a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, yara na kai musu.

Duk abin da Sabha ta ba ta ta karɓa: taliya, tumatirin gwangwani, burodi mai arha. Abu ɗaya ta ƙi, madarar gari. A garinsu nonon saniya ta sani, wanda ake tatsa a gabanta. Ta ce abin da aka ɗebo da cokali daga gwangwani ba ta san uwarsa ba, ba za ta sha ba. Yaranta na sha, Inoussa na sha, ita tana shan shayi baƙi. Haka ta yi haihuwa bayan haihuwa, tana shayarwa, ba ta fita rana sai in an yi rasuwa ko suna.

Ciwon ya fara daga ƙugu. Ta ce sanyin Fezzan ne, yankin da Sabha take. Haƙori ya fita, ta ce dabino ne. Wata safiya ta zo sauke tukunyar miya, ƙafarta ta ɗan zame, ta dafa ƙasa da hannun hagu. Faɗuwar ba ta kai a ba da labarinta ba, amma wuyan hannun ya karye. Miyar ba ta zube ba.

Inoussa ya kai ta asibiti. Likitan baƙo ne shi ma, daga wata ƙasa mai nisa, Larabcinsa kaɗan ne. Wata ma'aikaciya mai suna Talatou, wadda ta iya Larabci da Hausa, ita ta yi tafinta. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ya yi dogon bayani. Talatou ta ce, "Ya ce ƙashinki ya yi laushi. Akwai wani sinadari, kalsiyam, shi ke sa ƙashi da haƙori ƙarfi. In babu shi a abinci, jiki na ɗebo shi daga ƙashi ya ba jini, ya ba jinjiri. Ke an daɗe ana ɗiba ba a mayarwa."

Inoussa ya tambaya, "Mene ne shi kalsiyam ɗin?"

Likita ya duba ko'ina, ya nuna bango. Talatou ta ce, "Ya ce irinsa ne a cikin farar ƙasar da ake shafa wa gini."

Aka ɗaure hannun, aka ce ta riƙa shan madara, ta ci kifin gwangwani har da ƙayarsa, ta zauna a rana kaɗan kowace safiya, don rana na taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin. Inoussa maganar bangon kawai ya riƙe. Washegari ya dawo daga wurin aiki da farar ƙasa a kwano, ya ajiye a gabanta.

Koubra ta duba kwanon. Ta ce, "Malam, bango ka auro?"

"Likita ne ya faɗa."

"To ka fara sha, in ka kwana lafiya sai in bi."

Farar ƙasar dai aka shafa wa ɗakin yara.

Kifi ta ci ba gardama. Madara ce ta tsaya. Inoussa ya je har ƙauyukan Wadi Bawanis ya sayo akuya. Akuyar ta ci tabarma, ta ci takardar buhun siminti, ta ci gefen zanen Koubra a kan igiya, nono kuwa abin da ta bayar bai cika kofin shayi ba. Da Sallah aka yanka ta.

Talatou ce ta raba gardamar. Ta zo dubiya wata Juma'a da ɗan kindirmo a kwalba, ta dama madarar gari da ruwan ɗumi, ta zuba kindirmon ciki, ta rufe da zane. Da safe ya kama. Koubra ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. Ta ce, "Ba laifi. Ruwa ya yi yawa." Daga ranar ita ke damawa. Da hannun ya warke, da ɗan karkata, ta sa aka riƙa kawo mata gero daga gonaki, ta ƙara fura a kan abincin leburori. Ba a daɗe ba furar ta fi tuwon kasuwa.

Zaman ranar kuma ta mayar da shi ƙofar gida, a kan bulo biyu da buzu. Duk mai wucewa sai ya gaishe ta, ita kuma sai ta tambaye shi inda yake aiki da ko ana neman hannu. Cikin 'yan shekaru babu wanda ya fi ta sanin inda ake ɗaukar ma'aikata a Sabha. Sabon zuwa daga Damagaram ko Agadas, kafin ya sami wurin kwana, za a ce masa ya je wajen Inna Koubra da hantsi. Ba ta karɓar komai, sai dai ta sa mutum ya sha fura kafin ya tafi, ko yana so ko ba ya so.

Ba ta sake karaya ba, ko da yake da tsufa ta rage tsawo, bayanta ya ranƙwafa. Ta riga Inoussa rasuwa. A wurin jana'izarta maginan da suka taru sun yi yawa har wani ɗan kwangila ya zo tambayar dalilin da aikinsa ya tsaya. Da aka gaya masa, sai ya yi alwala ya shiga sahu.