Kular Mama Ce Ta Zaɓa Mana

Jama'a, yau kula ta yanke hukunci a gidanmu!

Motorhome ɗin Baba, motar nan mai ɗakin kwana a ciki, tana yoyo ta mahaɗin rufi, daidai kan gadon da Kaka za ta kwanta a hanyarmu ta zuwa suna a Birmingham. Baba ya sayo sealant, wato gam ɗin toshe yoyo, iri uku. Don gwaji, ya ɗauko kuloli uku, ya shafa kowane iri a bakin murfin kula ɗaya, ya bar su mako guda a garden ɗin bayan gida, ruwan Manchester yana ta yi musu waƙa.

Yau muka duba. Gam iri biyu sun ɓare kamar ɓawon albasa. Kula ta ukun kuwa ta ƙi buɗuwa.

Mama ta leƙo. "Alhaji, ba kular aurena ba ce wannan?"

Baba ya girgiza ta a kunnenta. "Ji, Hajiya, ko ɗigo bai shiga ba."

Dariya ta zaunar da Mama. "Je ka liƙe rufin, kada Kaka ta jiƙe. Kulata kuma ina jira."