Ranar da Na Tsaya Jaje a Filin Tsere

Kafin in je karatu Alƙahira na yi shekaru ina jan motar hayar babana tsakanin Zariya da Kano, kuma ban bar kowa a ɗakinmu na unguwar Ainu Shams ya manta da haka ba. Bakin nan nawa shi ya ja mini.

A masallaci na san wani saurayi, ɗan wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu. Tun yana ƙarami yake tseren kartin, 'yan motocin nan marasa rufi da mutum ke zama a ciki kamar a kan tabarma. Burinsa ya kai ga tseren manyan motoci na dogon zango, inda direbobi ke karɓa-karɓa wuni guda. Babansa kuwa ya gaji. Ya ce masa ga tseren kartin na dogon zango nan za a yi a bayan gari. In bai shiga ukun farko ba, khalas, shi ke nan, ya ajiye hular kwano ya koma gida jami'a.

Ana gab da tseren abokin tuƙinsa ya karye a hannu. Sai ya zo wurina.

"Yaya, ba ka ce kai direba ba ne?"

"Tambaya kake yi? Ni da na goge a hanyar Kano!"

Ranar tsere shi ya fara, ya miƙo mini motar muna na biyu. Da farko ban ba da kunya sosai ba, illa dai ina ta laluben hon, babu. Can a wata kwana motar wani ɗan Masar da ke gabana ta ƙwace, ta daki tayoyin da aka jera a gefen hanya. Ban yi shawara da kowa ba. Na taka birki, na faka, na fito da gudu ina salati. A hanyarmu wane marar imani ne zai wuce hatsari?

"Sannu! Ma'alish! Ka ji ciwo?"

Mutumin ya kalle ni ta cikin hularsa kamar ya ga aljani. Ya daka mini tsawa, "Yalla!" wato in yi gaba. Ma'aikatan filin masu riƙe da tuta suka tura shi, ya figi motarsa ya bar ni tsaye da jajena. Tawa kuwa ta mutu. Kafin a tayar da ita kowa ya wuce ni, har wani mai tumbi da nake rainawa tun safe.

Na mayar da motar muna na ƙarshe. Saurayin ya shiga, ya figa. Bai ƙara ba ni ba, ni ma ban nema ba. Ina kallo yana cinye su ɗaya bayan ɗaya cikin zafin nan, ga babansa tsaye ya harɗe hannu. Ya gama na huɗu.

Na ɓuya bayan mai shayi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kashe wa yaron mutane burinsa da gaisuwa. Sai ga shi ya nufo ni, tafin hannunsa duk ya sale, babansa na biye. Na shirya shan zagi, don na cancanta.

"Yaya," ya ce, "mutumin da ka tsaya wa, lafiyarsa ƙalau dai ko?"

Babansa ya dube shi. Sannan ya karɓi hular kwanon, ya goge ta da hannun rigarsa, ya mayar masa.

Kafin in bar Masar ya fara tuƙa manyan motocin. Har yau yana kirana yaya, amma ko keke bai ƙara ba ni ba.